Idan rabin ƙasar tasu ce, me ya sa Aborijin na arewacin Ostiraliya suka fi kowa shan wuya?

Tambaya: Na ji an ce 'yan asalin Ostiraliya, wato Aborijin, su ke da kusan rabin ƙasar Yankin Arewa, har da wuraren da ake haƙar ma'adinai. In haka ne, yaya aka yi suka fi kowa talauci, kuma su suka cika gidajen yari? Wariya ce, ko kuwa laifin nasu ne?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. Kusan rabin ƙasar Yankin Arewa, da fiye da kashi 80 cikin 100 na gaɓar tekunsa, mallakar Aborijin ce a ƙarƙashin dokar filaye ta 1976. Yankin ya ɗan fi Jamhuriyar Nijar faɗi, amma mutanensa ba su wuce 250,000 da 'yan kai ba, kusan kashi 30 cikin 100 Aborijin. A gidajen yarin manya kuwa sun haura kashi 80, a na yara kusan su kaɗai ne. Inda lissafinka ya karkace shi ne zaton cewa mai ƙasa shi ne mai iko. Ƙasar aka mayar musu. Ma'adinan da ke cikinta, da kasafin kuɗi, da 'yan sanda, da makaranta, har gidajen da suke kwana a ciki, duk a hannun gwamnatin yankin da ke Darwin da gwamnatin tarayya da ke Kanbera suka tsaya.

Turawan Birtaniya sun sauka a 1788 suka ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita, ba su ƙulla yarjejeniya da kowa ba. Arewa ba ta ji a jikinta sosai ba sai da masu shanu suka iso wajen shekarun 1880 suka mamaye tafkuna da idanun ruwa. A Coniston, a 1928, bayan an kashe wani Bature mai farautar karen daji, ɗan sanda George Murray ya jagoranci mahaya suka yi ta harbin 'yan ƙabilun Warlpiri da Anmatyerre da Kaytetye. Kwamitin gwamnati ya ce mutum 31 aka kashe kuma kare kai ne. Dangin mamatan da masana tarihi sun ce adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Dokar 1918 ta mai da wani jami'in gwamnati waliyyin kowane yaron Aborijin, da ita aka riƙa ƙwace 'ya'yan ruwa biyu daga hannun iyayensu mata ana kai su gidan Kahlin a Darwin ko Bungalow a Alice Springs. Sai a 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa.

Ka kuma san cewa yawancin garuruwan da ake kira na Aborijin a yau ba tsofaffin ƙauyukansu ba ne. Wadeye mishan ɗin Katolika ne da aka kafa a 1935, aka tara dangogi fiye da 20 a ƙasar dangi guda. Papunya gwamnati ce ta gina ta a ƙarshen shekarun 1950. Mutanen da a da kowa ke da nasa daji da nasa ruwa aka cusa wuri ɗaya, wurin da ba kasuwa ba gona ba sana'a. Rigingimun dangi da ake nunawa a labarai, yawancinsu daga nan suka samo asali.

Aikin da suke da shi kiwon shanu ne, ana biyansu da gari da sukari da shayi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A ranar 23 ga Agustan 1966 Vincent Lingiari ya fice da 'yan Gurindji kimanin 200 daga gandun kiwon Wave Hill na kamfanin Vestey, da farko kan albashi, daga baya suka ce ƙasarsu suke so. A 1975 Firaminista Gough Whitlam ya zuba masa ƙasa a tafin hannu. Amma hukuncin daidaita albashi da ya fara aiki a ƙarshen 1968 ya zo da nasa dafin: masu shanu suka sallami iyalai da yawa, suka koma ga shinge da babur da jirgi mai saukar ungulu. Mutane suka tsinci kansu a gefen garuruwa suna jiran kuɗin tallafi.

Yanzu ga yadda dokar 1976 ke aiki, don a nan amsar take.

Ba kowace ƙasa ake iya nema ba. Sai wadda ke hannun gwamnati, ba a ba wani hayarta ba, kuma ba ta cikin iyakar gari. Wannan sharaɗi shi kaɗai ya fitar da filayen kiwo masu albarka, tunda Turawa ke riƙe da hayarsu. Abin da ya rage shi ne hamada da tsofaffin wuraren da aka keɓe wa Aborijin tun da, irin su Arnhem Land, waɗanda aka miƙa kai tsaye ba tare da shari'a ba. Ga sauran, majalisar filaye ce ke shigar da buƙata a madadin mutane. Akwai guda 4, ta Arewa, ta Tsakiya, ta Tiwi da ta Anindilyakwa. Majalisar za ta ɗauki masanin al'adu ya zauna da dattawa ya rubuta salsalar kowane gida da taswirar wuraren ibada. Sannan Kwamishinan Filaye, wanda alƙali ne, ya tashi da lauyoyi zuwa dajin. A nan dattijo zai tsaya gaban dutse ko tafki ya faɗi sunansa, ya rera waƙarsa, ya bayyana daga wa ya gaje shi, lauyan gwamnati na yi masa tambayoyin ƙure. Wasu bayanan maza kaɗai ke ji, wasu mata kaɗai. Abin da doka ke so a tabbatar abu biyu ne: cewa mutanen zuriya ɗaya ce da nauyin kula da wurin ibadar ke wuyanta, da cewa al'ada ta ba su damar neman abinci a ƙasar. In alƙali ya gamsu, shawara kawai zai bayar, tare da bayanin wanda zai yi asara. Minista ne mai yanke hukunci.

Matsalolin a bayyane suke. Dattawan da suka san waƙoƙin suna mutuwa kafin a zo kansu. Wanda aka ƙwace yana jariri aka rene shi a Kahlin ba shi da abin da zai rera, don haka zaluncin farko ya zama dalilin hana shi haƙƙi na biyu. Gwamnatin yankin kuma ta yi ta sa ƙafa: a ƙarshen shekarun 1970 ta faɗaɗa iyakar birnin Darwin a takarda har ta haɗiye dubban murabba'in kilomita na daji, don ƙasar Kenbi da ke kusa da birnin ta zama "gari". An shigar da buƙatar Kenbi a 1979, ba a miƙa takardar ba sai 2016. Tun 1997 kuma aka rufe ƙofar shigar da sababbin buƙatu.

Irin mallakar da ake bayarwa ta fi kama da waƙafi: kwamitin amintattu ke riƙe da takarda a madadin dangi, ba a sayarwa, ba a jinginarwa. Wannan ne ya hana a sake raba su da ita, kuma a ganina daidai aka yi. Sai dai mutum ba zai kai takardar banki ya karɓi rance ba, kuma filin da gidansa ke kai ba nasa ba ne shi kaɗai. Wanda ke son buɗe shago ko masaukin baƙi sai ya nemi haya ta hannun majalisar filaye, ita kuma dole ta tara masu ƙasar su amince, ta ji ta bakin sauran mazauna. Taron yakan jira rani, domin da damina hanyoyin arewa kan yanke watanni, yakan kuma jira a gama zaman makoki. Shekara ta wuce ana abu ɗaya ba abin mamaki ba ne. Ƙari a kan haka, a babban gari irin Wadeye yawancin mazauna ba su ne masu ƙasar wurin ba. Tasu tana can wani daji mai nisa.

Ma'adinai na gwamnati ne. Abin da masu ƙasa ke da shi shi ne ikon hawa kujerar na ƙi, kuma a mataki ɗaya tak: lokacin da kamfani ya nemi izinin bincike. In sun ƙi, kamfanin zai jira shekara 5 kafin ya sake nema. In sun yarda, tun gyaran dokar na 1987 yardar ta haɗa har da haƙa, wato sai su yanke shawara kafin kowa ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasar ko girman ramin da za a tona. Gwamnatin tarayya na iya ture ƙin nasu da sunan maslahar ƙasa, kuma mahaƙar yuraniyom ta Ranger da ke ƙasar 'yan Mirarr tun farko an cire ta daga wannan iko. Kuɗin ma ba daga kamfani zuwa aljihun mai ƙasa yake tafiya ba. Kamfani na biyan gwamnati kasonta, gwamnatin tarayya ta zuba kwatankwacinsa a wani asusu na musamman, a cire harajin kashi 4. Kashi 30 cikin 100 ne ke zuwa ga ƙungiyoyin yankin da haƙar ta shafa. Sauran na tafiyar da majalisun filaye ne da tallafin ayyuka, wanda shekaru da dama sai da sa hannun minista yake fita. Mutumin Papunya da babu mahaƙa kusa da shi ba ya ganin ko sisi kai tsaye.

Inda kuɗin ke sauka, ba kullum ake tafiyar da shi da kyau ba, kuma ba amfanin ɓoye wannan. A tsibirin Groote Eylandt, inda ake haƙar manganis, asusun amintattu ya taɓa asarar miliyoyin daloli cikin 'yan shekaru, maganar har kotu. Rabon tsabar kuɗi yakan ƙare a motoci da buƙatun dangi, domin a al'adarsu ba a hana ɗan'uwa. Ka dai tuna mota a wurin da asibiti ke da nisan kilomita ɗaruruwa ba kayan alatu ba ce.

Kada ka haɗa wannan doka da haƙƙin gado na asali da Kotun Ƙoli ta amince da shi a shari'ar Mabo ta 1992, aka yi masa doka a 1993. Shi ya shafi ƙasar baki ɗaya amma ya fi rauni: sau da yawa izinin farauta ne da kamun kifi da bukukuwan ibada a filin da mai shanu ke ci gaba da kiwo. Babu kujerar na ƙi a ciki, sai damar tattaunawa ta wata 6, in ba a daidaita ba wata hukuma ta yanke, kuma da wuya ta hana haƙa. A Yammacin Ostiraliya, a 2020, kamfanin Rio Tinto ya fasa kogunan dutse na Juukan masu shaidar zaman mutane ta shekara 46,000, da izinin gwamnati a hannunsa.

Kan ko wariya ce, dubi 2007. Wani rahoto ya fito kan cin zarafin yara a garuruwan Aborijin, da shawarwari 97, ta farkonsu tana jaddada a zauna da mutanen a yi aiki tare da su. Gwamnatin Firaminista John Howard ta yi akasin haka. Ta tura sojoji da 'yan sanda garuruwa 73, ta karɓe filayen yawancin garuruwan da hayar dole ta shekara 5, ta kafa manyan alluna a bakin gari masu hana giya da hotunan batsa, ta kulle rabin kuɗin tallafin kowa, daga baya a kan wani kati da ba ya aiki sai a shagunan da aka amince da su. Kowa fa: tsohuwar da ba ta taɓa kurɓar giya ba, da wanda ba shi da ɗa ko ɗaya. Don a iya yin haka sai da majalisa ta dakatar da dokar hana wariyar launin fata ta 1975 a kan waɗannan matakai. Ba a dakatar da dokar hana wariya don yin abin da ba wariya ba. A 2008 aka rushe ƙananan majalisun garuruwa fiye da 50 aka narkar da su cikin manyan ƙananan hukumomi 8 masu hedikwata a nesa, aka kuma umarci makarantu su yi awa 4 na farkon kowace rana da Turanci zalla, ga yaran da Turanci harshensu na uku ne ko na huɗu. Sababbin gidaje kuwa, sai gari ya sa hannu a hayar shekara 40 ga gwamnati.

Wannan ya mai da masu ƙasa 'yan haya a ƙasarsu, gwamnati ce mai gida. A Santa Teresa, kudu maso gabashin Alice Springs, gidaje 70 suka kai ƙara a 2016 kan ɗaruruwan gyare-gyaren da aka yi biris da su: bututun ƙazanta na yoyo, wayoyin lantarki a fili, babu abin sanyaya ɗaki a zafin hamada. Wata dattijuwa ta zauna fiye da shekara 5 babu ƙyaure a ƙofar gidanta. Sai a 2023 Kotun Ƙoli ta ce ta cancanci diyyar ɓacin ran da ta sha, lokacin ta riga ta rasu.

Daga gida ake kama zaren sauran. Gida mai ɗaki 3 da mutum 15 a ciki, famfo ya lalace, ƙazwa sai ta bi yara. Ƙwayar cuta ta shiga ta ƙurajen ko ta maƙogwaro, ta haifar da zazzaɓin da ke cin ƙofofin zuciya, cutar da ta kusan ɓacewa a sauran Ostiraliya. Maganin hana ta ƙaruwa allurar fenisilin ce mai zafi, duk kwana 28, shekaru a jere, har 10 ga wasu. Allura ta kuɓuce saboda an tafi makoki wani gari ko ma'aikaciyar jinyar da ta san yaron ta bar aiki, sai zazzaɓin ya dawo ya ƙara lalata zuciyar. Cunkoson nan dai shi ke kawo ciwon kunne mai zubar da ruwa tun ana goye. Yaron da ba ya ji sosai, ana koya masa da harshen da ba nasa ba, zai daina zuwa aji. Wani bincike a gidajen yarin Darwin da Alice Springs ya gano fiye da kashi 90 cikin 100 na fursunoni Aborijin da aka gwada suna da raunin ji.

Hanyar kurkuku sau da yawa ba ta manyan laifuffuka take farawa ba. Ofishin lasisin tuƙi na da nisa, neman lasisi na buƙatar takardar haihuwa da mutum ba shi da ita, sai ya yi tuƙi haka. Tara, sai hana tuƙi, sai a sake kama shi, sai ɗauri. A ofishin 'yan sanda ana karanta masa gargaɗin cewa ba dole ba ne ya yi magana, sannan a shiga yi masa tambayoyi. A al'adarsa ƙin amsa wa babba rashin ladabi ne, kuma "e" ita ce hanyar rabuwa da mai matsa maka. Tun 1976 kotu ta shimfiɗa ƙa'idojin Anunga, cewa a kawo tafinta da wani na kusa da shi ya zauna, a kuma sa shi ya maimaita gargaɗin da bakinsa don a ga ko ya fahimta, amma ba a kafa hukumar tafintoci ba sai 2000. Kotun daji kuwa, alƙali zai sauka da jirgi ya yi kwana ɗaya ko biyu da tarin ƙararraki, lauya ya gana da wanda yake karewa na 'yan mintuna a gindin bishiya. Sharaɗin beli yakan ce a kwana a adireshi ɗaya, ga mutumin da gidan ya cika maƙil.

Akwai manyan laifuffukan ma, musamman dukan mata, kuma matan Aborijin ne ke kwana a asibiti saboda shi. Giya na da hannu dumu-dumu. Abin lura shi ne su waye suka fara tashi tsaye. Matan garin Yuendumu ne suka kafa sintirin dare a farkon shekarun 1990. Dattawan garin ne a 1994 suka fara kwashe samari masu shaƙar fetur zuwa Mount Theo, can cikin daji, su riƙe su. Da aka haɗa da man Opal marar bugarwa daga 2005, shaƙar ta faɗi warwas a tsakiyar ƙasar. 'Yan Pintupi kuma zane-zanensu suka yi gwanjo a 2000, suka tara fiye da dala miliyan 1 ta Ostiraliya, suka kai injin wankin ƙoda garinsu na Kintore don kada tsofaffinsu su mutu a baƙon gari. Inda aka bar musu wuƙa da nama, an ga aiki.

Ɓangaren hukuma kuwa tafiyar hawainiya ce, wani lokacin ma da baya. Kwamitin bincike na 1991 kan mutuwar Aborijin a tsare ya ba da shawarwari 339, jigonsu ɗauri ya zama matakin ƙarshe. A 2016 aka nuna hotunan yadda ake azabtar da yara a gidan yarin yara na Don Dale, aka kafa wani kwamitin, ya ce a ɗaga shekarun da za a iya gurfanar da yaro zuwa 12. An ɗaga a 2023, sabuwar gwamnatin yankin ta mayar da shi 10 a 2024. A 2019 ɗan sanda Zachary Rolfe ya harbe Kumanjayi Walker, ɗan shekara 19, a Yuendumu. Kotu ta wanke shi daga tuhumar kisa a 2022, amma a 2025 mai binciken musabbabin mutuwa Elisabeth Armitage ta ce yana da aƙidar wariya, kuma rundunar da yake ciki tana da alamun wariyar da ta yi jijiya.

Ƙuri'a ma ba ta fisshe su, don ba su da yawa a ƙasa baki ɗaya, ba su kai kashi 4 cikin 100 ba. A ƙuri'ar raba gardama ta Oktoban 2023 kan kafa majalisar ba da shawara ta 'yan asali a tsarin mulki, rumfunan garuruwan daji na arewa sun ce e da babban rinjaye, ƙasar ta ce a'a da kimanin kashi 60.

Abin da ya kamata ka sa wa ido yanzu shi ne batun diyya. A 2019, a shari'ar Timber Creek, Kotun Ƙoli ta ba 'yan Ngaliwurru da Nungali kimanin dala miliyan 2.5, daga ciki miliyan 1.3 na asarar alaƙarsu ta ibada da ƙasar. A Maris na 2025 kuma ta yanke wa dangin Gumatj, waɗanda iyayensu na cikin 'yan Yolngu da suka aika wa majalisa koke a kan ɓawon itace a 1963 suka kuma sha kaye a kotu a 1971 kan haƙar ma'adinin boksit a Gove, cewa haƙƙin gado na asali dukiya ce da tsarin mulki ya hana gwamnatin tarayya ɗauka ba tare da biyan adalci ba, ko da a Yankin Arewa ne. Hukuncin ya buɗe ƙofar neman diyya kan abin da Kanbera ta bayar na filaye da ma'adinai tsakanin 1911 da 1978, lokacin da take mulkin yankin kai tsaye. An mayar da shari'ar Kotun Tarayya don a tantance su wa ke da haƙƙin da kuma nawa za a biya.